Neman shawara: an goge mini foldar Downloads baki ɗaya, kuma babin risalata yana ciki

Baban Hafsa, Madina:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa sanin kwamfuta. Jiya da daddare wani ƙanin maiɗakina da ya zo Umara ya sauka a wurinmu ya ɗauki laftof ɗina domin ya juye hotunan wayarsa, sai kwamfutar ta nuna masa babu isasshen wuri. Da niyyar taimako ya buɗe foldar Downloads, ya gan ta cike, ya ɗauka tarkace ne, ya zaɓe komai ya goge ta hanyar haɗa madannin Shift da na Delete, sannan ya juye hotunansa. Ban ankara ba sai bayan sallar asuba.

A cikin foldar akwai littattafan PDF masu yawa, da hotunan wata makhɗuɗa, wato tsohon littafin rubutun hannu, da wani abokina ya turo mini, da kwafin iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) da fasfo na iyalina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babi na uku na risalar majistir ɗina, wato kundin digirina na biyu. Mushrif ɗina, malamin da ke duba aikin, ya dawo mini da shi ta imel da gyare-gyarensa, na sauke shi, kuma tun daga ranar a kan wannan fayil ɗin nake aiki a inda ya sauka, har na kusa kammala takhrijin hadisai, wato nuna littafin da kowane hadisi ya fito. Kwamfutar Windows 11 ce. Don Allah akwai hanyar dawo da shi?

Maman Sadiƙ, Jidda:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Ka duba kwandon shara da ke fuskar kwamfutar tukuna, ko da yaron ya ce ya danna Shift, domin ba kowa ke tuna ainihin abin da hannunsa ya danna ba. Idan fayilolin suna ciki, ka zaɓe su ka danna Restore, za su koma mazauninsu.

Baban Hafsa:

Na gode, Hajiya. Na duba, babu komai a cikinsa sai wasu tsofaffin hotuna na watan jiya.

Ɗan Autan Makka:

Yaya, kada ka damu, ka sauke manhajar Recuva yanzu ka sanya ta a kwamfutar. Kyauta ce, kuma na taɓa dawo da hotunan biki daga katin kyamara da ita.

Injiniya, Riyad:

Malam Baban Hafsa, kafin komai ka kashe kwamfutar nan, ka ci gaba da karanta mu a wayarka. Shawarar ƙanenmu na Makka tana da tushe, domin Recuva manhaja ce ta gaske, amma sauke ta a kan faifan da aka yi gogewar kuskure ne, kuma ga dalili.

Idan Windows ta goge fayil, ba ta bin bayanan da ke cikinsa ta share su nan take. Abin da take yi shi ne ta sanya alama a kundinta cewa gurbin da fayil ɗin yake ya zama fili, kowa zai iya amfani da shi. Kamar a cire sunan littafi daga fihirisar maktaba ne alhali littafin yana nan a kan kanta, har ranar da za a kawo wani a ɗora a gurbinsa. Duk abin da aka sauke, ko aka kwafa, ko aka sanya bayan gogewar yana iya faɗawa daidai kan babinka. Ko buɗe shafin intanet kawai yana rubuta ƙananan fayiloli a faifan, haka ma sabuntawar da Windows ke saukewa da kanta ba tare da ta tambaye ka ba. Saboda haka hotunan da surukinka ya juye bayan gogewar sun riga sun rage mana fata, musamman da yake faifan a cike yake, kuma filin da gogewar ta samar shi ne mafi yawan wurin da za su iya sauka.

Abu na biyu, wanda a ganina shi zai yanke hukunci, shi ne irin faifan da ke cikin laftof ɗin. Idan tsohon faifai ne mai juyawa, wato HDD, abin da na bayyana a sama yana nan daram, kuma ana dawo da fayil ko bayan kwanaki matuƙar ba a rubuta wani abu a kansa ba. Idan kuwa SSD ne, wato sabon nau'in da ba ya juyawa, lamarin ya sha bamban. Windows tana aika masa wani umarni da ake kira TRIM da zarar an yi gogewa, tana sanar da shi cewa waɗannan gurabe ba a bukatarsu, shi kuma ya share su da kansa cikin ɗan lokaci domin ya shirya wa sabon rubutu. Bayan haka manhajar dawo da fayil tana iya nuna maka sunan babinka da girmansa, ka yi murna, ka buɗe ka tarar da shi fanko. Ka rubuto mana lambar samfurin da ke ƙarƙashin laftof ɗin, ko kuma idan har yanzu a kunne take, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka dubi Disk 0, za a rubuta maka SSD ko HDD, sannan ka kashe ta.

Baban Hafsa:

Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na duba kafin in kashe, an rubuta SSD. Ke nan babu sauran fata?

Injiniya:

Ba zan ɓoye maka ba, Malam, fatan samu daga cikin faifan kaɗan ne ƙwarai. Duk da haka gwadawa ba ta cin kuɗi, kuma wani lokaci ana dacewa, don haka a gwada sau ɗaya ta hanyar da ta dace. Ka nemi kwamfutar wani ɗalibi, ka sauke TestDisk daga shafin CGSecurity. A cikin ƙunshin akwai PhotoRec, da QPhotoRec wadda ke da tagogi da maɓallai domin wanda bai saba da baƙin allon rubutu zalla ba. Ba sai an girka su ba, kwance ƙunshin kawai za ka yi a kan filash. Ka kunna laftof ɗinka ba tare da intanet ba, ka buɗe manhajar daga filash ɗin, ka zaɓi faifan C, wato wanda Windows take kansa, ka taƙaita binciken ga takardun Word da PDF, kuma ka umarce ta ta zuba abin da ta samo a kan filash ko wani faifan waje, ba a kan C ba. Ka sani PhotoRec ba ta dawo da sunayen asali, za ka ga fayiloli masu harafin f da dogayen lambobi, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan ka fi son Recuva, a filash ɗin za ka girka ta, kuma ita tana sanya koren ɗigo a gaban fayil mai lafiya, ja a gaban wanda aka riga aka rubuta a kansa.

Microsoft ma tana da tata manhajar kyauta, Windows File Recovery, wadda ta fito a 2020, kuma ita ma ba ta yarda a zuba sakamako a faifan da ake bincike. Sai dai daga Microsoft Store ake sauke ta, ta zauna a kan C, kuma da rubuta umarni ake sarrafa ta, shi ya sa ban fara da ita ba a halin da kake ciki.

Ka kuma danna foldar Downloads da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka duba Previous Versions. Idan ka taɓa kunna File History, tsarin Windows na ajiye kwafin fayiloli, da faifan waje, mai yiwuwa ka ga tsofaffin kwafi a wurin. Idan ba ka taɓa ba, galibi babu abin da za ka gani.

Malama Ummu Abdillah, Makka:

Assalamu alaikum. Ni ba injiniya ba ce, amma na daɗe ina buga wa ɗalibai risaloli, kuma ina ganin hankalin zauren ya tafi kan faifai an bar hanya mafi kusa. Malam, foldar Downloads ta bambanta da sauran foldoji da abu ɗaya: kusan duk abin da ke cikinta daga wani wuri ya zo, kuma wurin yana nan. Idan ka kunna kwamfutar bayan gwajin Injiniya, ka buɗe Chrome ka danna Ctrl da J, za ka ga jerin abubuwan da ka sauke. Waɗanda aka goge za su fito da layi a kan sunansu, amma adireshin da suka fito yana nan, sai ka sake saukewa. Littattafan fiƙihu da hadisi kada su hana ka barci, mafi yawansu suna cikin Maktabatush Shamila, rumbun littattafan Larabci na intanet. Hotunan makhɗuɗar suna wurin abokin da ya turo su, idan kuma ta Telegram ya turo, suna nan cikin hirarku. Iƙama da fasfo suna hannunku, ɗaukar hotonsu ba aiki ba ne.

Abin da ya rage shi ne babin kaɗai, kuma a nan nake so ka zauna ka yi tunani sosai. Saƙon mushrif yana cikin imel ɗinka da gyare-gyarensa, wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za ka samu. Amma tun daga ranar da ka sauke shi zuwa jiya, wa ka taɓa tura wa? Ɗalibi ba ya rubuta babi shi kaɗai. Ka duba saƙonnin da ka aika a imel, ka duba WhatsApp a wayarka a ɓangaren takardu na kowace hira, ka tuna ko ka kai shi shagon buga takardu a filash ko ka tura musu ta waya, ko ka ba wani ya duba maka nahawu. Ka kuma shiga OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ta burauzar wayarka. Ba ta ɗaukar foldar Downloads da kanta, Desktop da Documents da Pictures take ɗauka idan an kunna, amma idan Word ta taɓa tambayar ka kunna adanawa kai tsaye ka amsa, akwai yiwuwar ta ajiye kwafi a can, kuma kwandon sharar OneDrive yana riƙe abin da aka goge har kwana 30 a asusun mutum na kansa.

Alhaji Babba, Jidda:

Ɗana, idan abin ya kai ga kai kwamfutar wurin masu gyara, ka tambayi kuɗin aikin kafin ka miƙa ta, ka kuma tambaya ko za a biya idan ba a samo komai ba. Ka tuna takardun iyalinka da hotunansu suna ciki, don haka ka kai wa wanda aka san amanarsa. Shi kuma yaron a yi masa nasiha cikin taushi, baƙo ne kuma alheri ya nufa.

Injiniya:

Gaskiya ne, Baba. Zan ƙara da cewa yawancin shaguna irin waɗannan manhajojin suke amfani da su, kuma abin da TRIM ya share ba su da wata dabarar dawo da shi. Sannan laftof da yawa masu Windows 11 suna zuwa da faifansu a kulle da BitLocker, ta yadda idan aka ciro faifan aka haɗa da wata kwamfuta ba zai buɗe ba sai da mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yana ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Ka nemo shi ka rubuta a takarda kafin kowa ya kwance ko da ƙusa ɗaya.

Baban Hafsa:

Alhamdu lillah, ga inda aka kwana. Na yi gwajin QPhotoRec daga filash kamar yadda Injiniya ya tsara. Ta fito da wasu tsofaffin takardu, amma babin ba ya cikinsu. Sai dai maganar Malama ta tuna mini cewa makon da ya wuce na mayar da babin PDF na tura wa wani ɗan ajinmu ta WhatsApp domin ya duba mini lambobin hadisai, kuma na same shi a wayata. Aikin da na yi bayan ranar ne kawai babu, shafuka kaɗan ne, kuma rubutun hannunsu yana cikin littafina. Tambayata yanzu ita ce yadda zan mayar da wannan PDF ɗin zuwa Word, domin na gwada wani shafin intanet ya dawo mini da haruffan Larabcin a wargaje, wasu kalmomin ma a juye.

Malama Ummu Abdillah:

Barka da arziki, Malam. Wannan matsalar sananniya ce ga rubutun Larabci, musamman mai wasali da hashiya, kuma ba na ba ka shawarar ka dogara da juyawar. Ka sauke fayil ɗin Word da mushrif ya turo, domin tsarinsa da hashiyoyinsa da lambobinsu lafiya lau suke. Ka adana shi nan take a foldar Documents da sabon suna mai ɗauke da kwanan wata. Sannan ka buɗe PDF ɗin a gefe ɗaya na allo, Word a ɗaya gefen, ka bi shafi bayan shafi kana shigar da abin da ka ƙara. Inda sakin layi ya yi tsawo ka gwada kwafo shi kai tsaye, wani lokaci yana zuwa daidai, amma ka karanta kowace kalma bayan liƙawa, ayoyi da matanin hadisai kuwa ka sake ɗauko su daga tushensu. Duk daren da ka tashi daga aiki ka tura wa kanka fayil ɗin ta imel. Idan shafukan sun yi maka yawa kuma lokacin miƙawa ya matso, ka turo mini rabi in taya ka bugawa.