Tsohon Dogo Ko Sabo: Wa Zai Ɗauki Kayan Arewa?

Ɗan Kakuri: Assalamu alaikum jama'a. Abin da zan faɗa na san ba zai yi wa Baba daɗi ba, amma ra'ayina ke nan. Da zarar an gama sabon layin Kaduna zuwa Kano, a tumɓuke tsohon dogon nan, a daina zuba masa kuɗi. Ni mai son kallon jirgi ne tun ina yaro, har yau in yamma ta yi nakan je bakin tashar Kaduna Junction in zauna. Sai mutum ya gaji da zama bai ji kukan jirgi ba. Taragu jere sun yi tsatsa, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, awaki na kiwo a kai. Amma je ka Rigasa, tashar sabon layi, ka ga jama'a. Wanne ne mai rai a cikin biyun?

Baba Reluwe: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da idonka ya gani haka yake, ba zan musa ba. Amma jirgin Rigasa mutane yake ɗauka, daga nan zuwa Idu a Abuja, kilomita 186, tun da aka buɗe shi a 2016. Daga Idu fa? Can ya tsaya. Buhun masara ɗaya ba zai kai maka Legas ba. Dogon da kake so a tumɓuke shi kaɗai ne har yanzu ya haɗa Kano da bakin teku.

Ɗan Kakuri: Ai shi ya sa na ce in an gama, Baba.

Injiniya: In an gama me? Ko gobe aka buɗe Kaduna zuwa Kano, abin da za ka samu shi ne Kano zuwa Abuja. Na kudu da aka buɗe a 2021 ya taso daga Legas ya tsaya Ibadan. Tsakanin Ibadan da Abuja babu sabon layi. Kuma ba a iya ɗauke tarago daga wannan a ɗora shi kan wancan. Tazarar ƙarafan tsohon milimita 1,067 ce, ta sabon 1,435. Kwantenar da ta bar tashar ruwa ta Apapa, Legas, a sabon layi dole a sauke ta a Ibadan, ko dai ta hau tsohon dogo ko ta hau bayan tirela.

Alhaji Mai Tirela: To ta hau tirela mana, ai dama can ita ke ɗauka. Ni ina bayan yaron nan, kodayake ba dalilinmu ɗaya ba. Ku mutanen jirgi kuna mance abu guda: jirgi hanyarsa ɗaya. A 2017 da ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, mun sha wuya, direbobi sun kwana a hanya, amma mun kewaya, kaya sun isa. Mota in nan ya toshe sai ta bi can. Jirgi fa? Ƙarfe ɗaya ɓarayi suka kwance a daji, shi ke nan an tsaya. Ga shi mota har ƙofar sito take kai maka. Jirgi sai ka ɗauki wata motar zuwa tasha, ka biya 'yan dako su loda, can ma ka biya su sauke, ka sake ɗaukar mota.

Baba Reluwe: Alhaji, ka kawo ni daidai inda nake so. Ka ce jirgi hanyarsa ɗaya. Ba haka aka gina na Arewa ba, kuma wannan mahaɗar da ɗana ke zuwa kallo ita ce shaida.

Jirgin da ya taso daga Kano, in ya ƙetare kogin Kaduna ya shigo tashar nan, hanya biyu ce a gabansa. Ɗaya ta bi Minna da Zungeru da Jebba da Ilorin ta faɗa Legas. Ɗaya ta bi Kafanchan da Lafiya da Makurdi da Inugu ta faɗa Fatakwal. Arewa gida ne mai ƙofa biyu zuwa teku, kuma makullin duka biyun yana Kaduna. Da ma har da ta uku, domin dogon farko da ya iso Kano a 1911 daga Baro ya taso, bakin kogin Neja, ya biyo ta Minna.

Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, layin gabas ya rufe ruf. Kuzar Jos da a da take gangarawa Fatakwal ta Kafanchan, sai aka juyo da ita Kaduna ta bi layin Legas, ita da gyaɗa da auduga da fatu. Waɗanda suka koya mana aiki sun ba mu labarin cunkoson lokacin, taragu cike da kowane layi na tashar, ana ta jera su dare da rana. An wahala, kaya sun yi jinkiri, amma sun fita. Da ƙofa ɗaya ce da me za a yi?

'Yar Kafanchan: Allah ya ƙara girma, Baba. Mu garinmu jirgin ne ya tara shi. Nan layin Fatakwal ke rabuwa, ɗaya ya zo Kaduna, ɗaya ya hau Jos, daga Kuru kuma ya wuce Bauchi da Gombe har Maiduguri, inda ya kai a 1964. Kakata a tasha ta yi sana'ar abinci har ta tsufa. Ta ce in jirage biyu suka haɗu ba ta zama sai tukunya ta ƙare. Duk wanda ya ce a tumɓuke tsohon dogo ya sani ba Kaduna kaɗai yake magana ba. Sabon layin Legas zuwa Kano ko kusa da mu ba zai bi ba, balle Gombe.

Ɗan Kakuri: Anti, ba ina raina garinku ba ne wallahi. Amma yaushe rabon da jirgin kaya ya taso daga Fatakwal ya iso Kaduna ta Kafanchan? Ƙofar da Baba ke magana a kai a rufe take. An ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a 2021, abin da aka ga ya fara aiki guntun Fatakwal zuwa Aba ne. Tarihi ba ya ɗaukar kaya.

Hajiya Kwari: Nan kam yaron ya yi gaskiya. Ni 'yar kasuwa ce, ba ruwana da faɗin ƙarfe. Abin da nake so in sani shi ne ranar da dilata za ta tashi da ranar da za ta iso. In ka ce mini kwana bakwai, ya zama bakwai. Mai tirela yana da tsada, amma ina da lambar direba, zan kira shi ya ce mini ga shi a Tegina. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, an buɗe ta Dala a Kano a 2023, duka da niyyar kwantena ta zo mana ta dogo mu fanshe ta a gida. Mun yi murna ƙwarai. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Sai jirgi ya zama abin da ake saka wa rana.

Injiniya: Hajiya, abin da kika faɗa shi ne ainihin ciwon, kuma faɗin dogo ba shi ne ya kawo shi ba. Mutane na ɗauka siririn layi ba ya iya kaya masu nauyi. Afirka ta Kudu irin namu take amfani da shi. Layinsu na tama daga Sishen zuwa tashar ruwa ta Saldanha kilomita 861 ne, kuma jirgi ɗaya yana jan taragu sama da 300. Japan ma yawancin jiragen kayanta a kan wannan faɗin suke tafiya. Abin da ya kashe namu rashin kulawa ne: ƙarafa sun tsufa, tsakuwar ƙarƙashi ta zaizaye, magudanan ruwa sun toshe, kawunan jirgi ba su da kayan gyara. An gyara Legas zuwa Kano, kilomita 1,126, aka sake buɗe shi a ƙarshen 2012. Gyara kuwa ba abu ne na sau ɗaya ba, kowace damina sai an bi layi. In aka yi wa sabon irin riƙon da aka yi wa tsohon, shi ma haka zai koma.

Ban ce sabon ba shi da fifiko ba. Ya fi gudu, kwanarsa ta fi sauƙi, ga fasinja babu haɗi. Amma siminti da taki da hatsi ba sa gaggawa. Abin da suke so araha da tabbas.

Alhaji Mai Tirela: Injiniya, ka bar maganar tsaro a baya. Tsohon layin daga Kaduna zuwa Minna ta wane daji yake bi? Ta Sarkin Pawa. Sabon ma da ke kusa da babban titi, mun ga abin da ya faru ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane aka kwashi wasu, jirgi bai dawo aiki ba sai Disamba. Wa zai zuba dukiyarsa a tarago ya tura ta wannan dajin?

Injiniya: Wannan gaskiya ne, kuma ba ni da amsar da ta wuce a tsare dajin. Sai dai titin Birnin Gwari da motocinku ke bi shi ma ba a tsare yake ba. Tsare jirgi ɗaya mai taragu ashirin ya fi sauƙi a kan tsare tirela ashirin da ke warwatse a hanya.

Ɗan Maraɗi: Ku ba ni dama in sa baki, don mu mun san zafin rashin hanya ta biyu. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram a da Kano ake kai ta, ta hau jirgi zuwa Legas. A shekarun 1950 Faransawa suka karkatar da ita ta Parakou zuwa Kwatano a ƙasar Benin ta yanzu, don kuɗin ya zauna a ƙasashensu. Muka dogara da wannan hanyar. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 da iyakar Benin ta rufe, sai ga kayan Nijar na zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, motoci a jere da rakiyar sojoji, farashin komai ya hau. Yanzu ana gina layin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, faffaɗa ne irin na Rigasa. Muna jiransa. Amma in ya iso Kano ya wuce Kaduna ya tsaya Abuja, teku fa? Ku ne za ku ba mu amsa.

Ɗan Kakuri: To ai wannan hujjata ce. A haɗa ƙarfi a gama Ibadan zuwa Abuja, maimakon a raba kuɗin gida biyu.

Baba Reluwe: A gama shi, ina fatan in gani da idona. Amma ko an gama, layi ɗaya ne miƙaƙƙe daga Legas zuwa Maraɗi, duk wanda ya yanke shi a wuri ɗaya ya tsayar da Arewa baki ɗaya.

Ɗana, in ka koma tashar, kada ka tsaya kallon taragun da suka mutu. Taka zuwa inda layuka ke rabuwa ka duba ƙasa. Akwai wani siririn ƙarfe mai baki kamar an fere shi. A zamaninmu mai juya layi zai kama hannun ƙarfen, ya jingina da dukan jikinsa ya ja, ka ji ƙaf, bakin nan ya matsa ya manne da ɗaya ƙarfen. Matsawar ba ta kai taƙi ɗaya ba. Ita ke raba jirgin da zai kwana Minna da wanda zai kwana Kafanchan. Direba kuma ba ya barin tasha sai an miƙa masa izinin da ke nuna layin da ke gabansa nasa ne shi kaɗai, domin dogon ɗaya ne, masu zuwa da masu komowa a tasha suke kauce wa juna. Filin da aka shimfiɗa wannan duka, da gadojin Jebba da Makurdi, da hanyar da aka sare cikin duwatsu zuwa Jos, an riga an biya su tun zamanin kakanninmu. Ranar da aka tumɓuke ƙarafan, kafin shekara ta zagayo mutane sun yi gini a kan hanyar. Ba za a sake samunta ba sai da diyya mai yawa.

'Yar Kafanchan: An ma fara. Ku zo ku ga shagunan da aka kafa dab da layi.

Hajiya Kwari: Ni dai har yanzu ba wanda ya ba ni rana.

Injiniya: Ga abin da zan iya tsayawa a kai, Hajiya. Fasinja su koma sabon layi duk inda ya kai. Tsohon a bar wa kaya, a fara da jirgin kwantena mai tsayayyar rana daga Apapa zuwa Kaduna da Kano, ko da sau ɗaya ne a mako, a riƙe shi har 'yan kasuwa su yarda da shi. Sannan tun 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi ma suna da ikon shiga harkar jirgin ƙasa. Reshen Zariya zuwa Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda yana nan tun 1929, ta tsakiyar ƙasar auduga da hatsi da shanu ya bi. Kaduna da Katsina da Zamfara za su iya haɗa kai a kansa, ba sai sun jira Abuja ba.

Ɗan Kakuri: Maganar kada a bar filin ya salwanta na karɓa, Baba. Amma layin gabas ban gamsu ba. Sai na ga jirgin kaya ya shigo ta wajen Kafanchan tukuna.

Alhaji Mai Tirela: In Injiniya ya samo jirgin nan mai rana, ni zan ajiye motoci biyu a Kakuri su riƙa kwasar kwantena daga tasha zuwa cikin gari da Zariya. Gajeren zango ya fi mini sauƙi a kan tayoyi da man da Legas ke ci. Amma sai na ga ya zo a kan lokaci wata uku a jere kafin in janye ko mota ɗaya daga hanyar Legas.