Kawun yarinyar da nake nema yana son sanin sana'ata, me zan ce masa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. A Kano nake, aikina zana fuskar manhajar waya: inda kowane maɓalli zai zauna, abin da mutum zai fara gani in ya buɗe, yadda zai tura kuɗi bai ruɗe ba. Wasu ne ke ɗaukar zanen su gina manhajar. Masu ba ni aiki yawancinsu a Ingila da Dubai suke, ta Upwork muke haɗuwa, wato shafin intanet da ke haɗa masu ba da aiki da masu yi, a biya ni da dala, kuma daga ɗakina nake yi.

To maganar aure ta taso. An zo bincike unguwarmu, aka ce musu ba na zuwa ko'ina, kullum ina ɗaki da kwamfuta, amma ga kuɗi na shigowa. Kun san inda zuciya za ta tafi. Kawunta ya ce in same shi ranar Asabar. Dama ko a wurin ɗaurin aure na ce "harkar intanet nake yi", sai in ga fuskar mutum ta canza. Abin yana damuna ƙwarai.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam ɗana. Na aurar da 'ya'ya mata, na san abin da ke ran waliyyi. Bai damu da sunan aikinka ba. So yake ya ji wa ke biyanka, a kan me, kuma halal ne. Mutumin da kullum yake jin EFCC ta kama 'yan damfara ta intanet, ba ka ga laifinsa in ya tsorata. Ka ce masa: "Kawu, kamfanoni ne ke ba ni kwangila. Yadda mai zanen gida yake fitar da taswira kafin magini ya sa bulo, haka nake yi wa manhajar waya." Kuma kada ka je kai kaɗai, ka tafi da babba daga gidanku wanda ya san aikin.

Ɗan Farm Centre: Malam ka ce injiniyan kwamfuta ne kai, magana ta ƙare.

Maman Sadiq: A'a ƙanena, kada ya fara. Ba shi ba ne aikinsa, kuma aure ba a kafa shi a kan haka. Gobe kawun ya miƙo masa wayar da ta lalace, ya ce me? Ni dai shawarata ya nuna a gani. Ka roƙi kawun ya buɗe manhajar bankinsa ko OPay, ka nuna masa cewa mutum ne ya zauna ya tsara wurin da ake danna "tura kuɗi", irin aikinka ke nan. Sannan ka buɗe shafinka na Upwork ya ga ayyukan da ka gama da abin da masu aikin suka rubuta a kanka. In ba ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba, ka yi, dattawa suna girmama takarda.

Malam na Zariya: Ƙari kaɗan. Bayanin da za ka yi wa suruki daban, wanda za ka yi in ka je taron 'yan sana'arku daban. A can kada ka kawo misalin magini, sun san aikin. Ka faɗi irin manhajojin da ka ƙware a kai da matsalar da ka taɓa warware wa wani kamfani.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. In ya tambayi nawa nake samu fa? Wani watan da yawa, wani watan shiru.

Baban Ummi: Ka gaya masa haka ɗin. Ɗan Kantin Kwari ma ba shi da albashi, kuma ana ba shi aure. Ka faɗi abin da kake samu a watan da ya fi rauni, ka nuna zai riƙe haya da cefane. In ya nemi takardar banki, ka fitar masa ta wata shida. Allah ya sa alheri.