Jama'a me za mu kira "cold case" da "Jane Doe" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu ina fama da kalmomin nan a raina, "cold case" wato binciken laifi da aka daɗe ba a warware ba, da "Jane Doe" wato macen da ba a san sunanta ba, dalili kuwa labarin wata mata da aka tsinci gawarta a cikin kogi a birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam a 1992, an kashe ta, ba wanda ya san ko wace ce, babban abin da 'yan sanda suka riƙe shi ne zanen fure (tattoo) da ke jikin fatar hannunta. Haka aka zauna har 2023 lokacin da Interpol, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ta fito da shirin Identify Me da bayanan mata 22 da aka tsinta a Beljiyam da Jamus da Holan, sai wani a danginta can Birtaniya ya ga hoton zanen a labarai ya ce wannan tamu ce. Shekara 31 fa. Na tashi zan rubuta labarin da Hausa sai na tsaya cak, don ban san me zan kira irin wannan binciken ba.

Na farko da ya zo min shi ne binciken da ya yi sanyi, kuma na ga wasu suna rubuta haka, amma dan Allah ku saurara da kunnen Hausa. In muka ce abu ya yi sanyi ai sauƙi muke nufi, rikici ya yi sanyi, zuciya ta yi sanyi. Uwar da 'yarta ta fita ba ta dawo ba shekara talatin me ya yi mata sanyi? Wannan kam ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Wani yayana ya ce a ce kwantai, kwantan bincike, kuma wallahi ta ɓangaren ma'ana ya kusa, abu ne da aka fito da shi bai shiga ba ya kwana. Toh amma duk mun san yadda ake jifan mata da kalmar nan, a ce wance ta yi kwantai, kuma maganar da muke yi ta mata ce da aka kashe aka yar, ba zan iya haɗa kalmar gori da gawarsu ba. Na ce masa yaya ka yi haƙuri wannan a bar ta. Binciken da ya cije ma an kawo, yana da daɗin faɗa, sai dai cijewa na nuna ana nan ana turawa ya ƙi motsi, alhali yawancin fayilolin nan ba mai turawa, an ajiye su ne.

Ni dai inda na tsaya shi ne jinginannen bincike. Abin da ka jingine ba ka yar ba, ba ka kuma gama da shi ba, yana nan a tsaye jikin bango yana jiran ranar da za a dawo kansa, kuma kalmar tana nuna akwai hannun da ya jingine ɗin, ba shi ya ajiye kansa ba. Wannan yana da muhimmanci a wurina saboda sau da yawa matsalar ba rashin hujja ba ce, fayil biyu ne ba su taɓa haɗuwa ba, na matar da ta ɓata yana wata ƙasa, na gawar da aka tsinta yana wata ƙasar, kowa ya jingine nasa. Ita kanta Interpol a wannan fannin sanarwa iri biyu take fitarwa, mai ruwan ɗorawa ta wanda ya ɓata, baƙa ta gawar da ba a gane ba, duk aikin shi ne a sa su kalli juna. Shi ya sa a 2021 suka buɗe rumbun I-Familia, dangi su ba da samfurin ƙwayoyin halittarsu, wato di-en-e, uwa ko ɗa ko 'yar uwa, a gwada da wanda aka ciro daga haƙori ko ƙashin mamaciyar, don ƙashi da haƙori suna riƙe di-en-e shekaru bayan tsoka ta tafi. A Amurka kuma akwai NamUs da ke haɗa jerin ɓatattu da jerin gawarwakin da ba a gane ba wuri ɗaya.

Sai Jane Doe, sunan da Amurkawa ke laƙaba wa mace in ba a san sunanta ba. Da sauri mutum zai ce wance, amma wance ai ka san ta ne ka ƙi faɗa. A nan ba ma buƙatar ƙirƙira, muna da baiwar Allah, haka muke kiran macen da ba mu sani ba kuma da mutunci a ciki. Baiwar Allah mai zanen fure. Ku ji yadda ta zauna.

Ragowar gawa kuma dan Allah mu daina, ragowa kamar abin da aka ci aka bari. In gawa ce a ce gawa, in ƙasusuwa ne a ce ƙasusuwanta, da "ta" ɗin a ƙarshe don a san na mutum ne. Shi kuma aikin gano ta na fi son maido mata da sunanta a kan tantancewa, tantancewa ta yi kama da ta takardun ofis.

Na gwada su a jimla ɗaya: an sake ɗauko jinginannen binciken baiwar Allah mai zanen fure, an maido mata da sunanta bayan shekara 31. Inda nake ɗan jin nauyi shi ne jam'i, jinginannun bincike yana cika baki, kuma a 2024 shirin Identify Me ya faɗaɗa zuwa mata 46 da aka shigo da Faransa da Italiya da Sifaniya, kenan jam'in za mu fi buƙata. Malamai da 'yan jarida da ke nan, wa ke da wanda ya fi wannan sauƙi a harshe?