Faten wake ba nama don sanyin Tabuka

Uwargida, Tabuka: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Tun da Murabba'aniyya, wato kwanaki arba'in na tsananin sanyi a nan Saudiyya, ta kama, sanyin Tabuka ya hana mu sakat, kuma maigidana ba ya son komai da dare sai abu mai zafi da romo. Likita ya hana shi nama saboda kitse ya yi masa yawa a jini, ga shi kuma yana fama da hawan jini. Ina neman shawararku a kan yadda zan dafa faten wake mai ɗumama jiki, wanda babu nama a cikinsa amma bai zama lami ba. Farin wake ina samunsa a shagon unguwarmu.

Hajiya, Makka: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba maigidan naki lafiya. Ki jiƙa wake kofi 2 tun da dare, da safe ki zubar da ruwan jiƙon, ki ɗora shi da sabon ruwa da albasa guda ɗaya kawai, kada ki sa masa komai sai ya yi laushi. A wata tukunyar ki yanka albasa manya guda 3, ki soya ta a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja ta fara zaƙi, domin a nan rabin daɗin yake, kuma mai gaggawa ba ta samunsa. Sannan ki zuba jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir da tafarnuwa, ki bar shi ya soyu har mai ya taso sama. Abin da zai maye miki gurbin nama shi ne daddawa, ki daka ta tare da citta da masoro da kimba da ɗan kanumfari, waɗannan su ne masu sa mutum gumi ko da ana tsananin sanyi. Idan kin haɗa waken da miyar, ki yanka kabewa ƙanana ki zuba, za ta narke ta ɗaure romon. Alayyafo shi ne na ƙarshe, minti 5 ya ishe shi.

Ɗalibi, Madina: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Mu a nan da gurasar tamis mai zafi muke cin irinsa bayan sallar isha'i, kuma yana riƙe ciki har gari ya waye.

Yaya, Abha: Ƙanwata, ki riƙe maganar Hajiya ta cewa kada a sa tumatir sai wake ya nuna, domin tsamin tumatir yana ƙanƙame wake ya hana shi laushi. Ni a nan Abha na sha wahalar wake ƙwarai. Garin yana kan tsauni, tsayinsa daga teku ya kai kimanin mita 2,200, saboda haka ruwa yana tafasa tun zafinsa bai kai digiri 100 ba. Za ki ga tukunya tana ta ɓararraka, gas yana ƙarewa, yara sun gaji da jira har sun yi barci, amma waken yana nan da ƙarfinsa. Sai da na sayi tukunyar nan mai matse tururi sannan na huta, jiƙaƙƙen wake ba ya wuce minti 20 a cikinta. Ki kuma kula da tsohon wake wanda ya daɗe a shago, shi ko a Jidda da ke bakin teku aka dafa shi ba ya saurin nuna.

Inna, Jidda: Duk wannan doguwar hanya ce. A jefa 'yar kanwa kamar ƙwayar gyaɗa, wake zai nuna nan da nan, kuma ba zai kumbura ciki ba.

Malamar jinya, Riyad: Inna, ki gafarce ni, amma ga mai hawan jini ba na ba da shawarar kanwa. Sinadarin sodiyam da ake gudu a cikin gishiri yana nan a cikin kanwa, haka ma a hodar bikarbonat da wasu ke sawa a madadinta, kuma dukansu suna rage wani ɓangare na bitamin B da ke cikin waken. Dunƙulen ɗanɗano ma yawancinsa gishiri ne, wasu kuma da kitsen kaza ko na sa a ciki, don haka uwargida ta karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin kafin ta saya.

Inna, Jidda: 'Yar nan, iyayenmu da kanwa suka dafa wake har suka tsufa da ƙarfinsu.

Malamar jinya, Riyad: Haka ne, Inna, kuma ban ce mai lafiya ya daina ba. Magana ce ta mutumin da likita ya riga ya sa wa doka.

Ɗalibi, Madina: Idan farin wake yana ba da wahala, me zai hana a yi da ful, babban waken nan da Larabawa ke ci, na gwangwani, tunda dafaffe ne kuma ko'ina akwai shi?

Malam, Dammam: Ɗana, a kan ful ina da magana, kuma ina roƙon kowa ya karanta ta da natsuwa. A wani sanyi da ya wuce mun ba ƙaramin ɗana ful da safe, kamar yadda gidaje da yawa ke yi a ƙasar nan. Washegari yaron ya kwanta ba ƙarfi, idanunsa suka yi rawaya, tafin hannunsa ya yi fari, fitsarinsa kuma ya yi duhu sosai. Mahaifiyarsa ta ɗauka shawara ce, har ta fara neman abin jiƙawa, amma da numfashinsa ya fara sauri muka garzaya asibiti cikin dare, aka kwantar da shi, aka yi masa ƙarin jini. A nan likitoci suka gaya mana cewa yana da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, abu ne da ake gada, ya fi bayyana ga 'ya'ya maza, kuma yana da yawa a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da kuma mutanen wannan yanki namu na gabashin Saudiyya. Mai wannan lalura idan ya ci ful, jajayen ƙwayoyin jininsa ne ke farfashewa. Farin wakenmu na gida ba ya jawo wannan, adas, ɗan ƙaramin waken nan mai faɗi, ma haka, yaron yana cin su lafiya lau har yau. Don haka duk wanda bai taɓa yi wa 'ya'yansa wannan gwaji ba, ya yi kafin ya mayar da ful abincin gida.

Hajiya, Makka: Subhanallahi. Allah ya ƙara masa lafiya, Malam, ya raya shi.

Yaya, Abha: Amin. Tunda an zo nan, jan waken nan mai siffar ƙoda shi ma ba a wasa da shi: idan busasshe ne, dole ya tafasa da ƙarfi na aƙalla minti 10 bayan an jiƙa shi, in ba haka ba yana sa amai da gudawa.

Uwargida, Tabuka: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura batun mai. Hajiya ba ta faɗi wanda za a soya albasar da shi ba, kuma likita ya ce a rage kitse.

Inna, Jidda: Faten wake ba manja ai ba fate ba ne.

Malamar jinya, Riyad: Manja yana da irin kitsen da ake so mai wannan ciwo ya rage. Ki soya da man zaitun ko man gyaɗa cokali 2, tattasai da kabewa za su ba ki jan launin da ido ke so.

Hajiya, Makka: Ni dai da man gyaɗa nake yi. Wata maƙwabciyata kuma ta koya mini jefa busasshen lemun tsami baƙi guda ɗaya, a huda shi da wuƙa, tare da ɗan kamun, wani kayan ƙamshi na Larabawa, bayan wake ya nuna. Ɗan tsamin nan yana sa a rage gishiri ba tare da an ji an rasa komai ba. Daddawa kuwa ana samunta a wajen matanmu na Shara Mansur, idan akwai mai zuwa umara daga wajenku sai ki ba shi saƙo.

Malam, Dammam: Hajiya, daddawar kalwa ce suke sayarwa ko ta waken suya? Iyalina ta kalwa suke nema, kuma ƙanena zai shigo Makka a ƙarshen wata.