Wace kalma ta dace da aikin da ke gudana a tsakiyar tauraro?

Assalamu alaikum, malamai da masu fassara. Ina roƙon mu tsayar da kalma ɗaya a madadin abin da Turawa ke kira fusion, domin duk lokacin da aka zo bayanin inda rana ke samun zafinta sai a ce "makamashin nukiliya" a wuce, alhali sunan ya ƙunshi ayyuka biyu da ke kishiyantar juna.

Ga abin da muke nema wa suna. A tsakiyar rana, inda zafi ya kai kimanin digiri miliyan 15, matsi kan tilasta wa cibiyoyin ƙwayar zarra huɗu na haidirojin su koma cibiya ɗaya ta hiliyom, kuma ɗan abin da ya ragu daga nauyinsu, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ke fitowa a matsayin haske da zafi. Masanin kimiyya Hans Bethe ya fayyace matakan a 1939. Idan tauraro ya tsufa, zafin cikinsa ya kai digiri miliyan 100, sai cibiyoyin hiliyom uku su zama kabon, manyan taurari kuwa su zarce zuwa oksijin da silikon har ƙarfe, inda aikin ke tsayawa saboda daga nan ya daina ba da zafi.

Na ga masu rubuta "narkewa", kuma ban gamsu ba, domin dalmar da ta narke tana nan dalmarta. "Gauraya" ma haka take, tunda ana iya tsince dawa daga cikin gero. "Haɗuwa" ta yi sako-sako, don mutane kan haɗu a kasuwa su rabu.

Ni dai na karkata ga "dunƙulewar cibiya". Wani malamin kimiyya ya ja hankalina cewa furar da aka dunƙula ba ta daina zama gero ba, kuma gaskiyarsa ne, shi ya sa a aji sai a ƙara da cewa cibiyoyin sun dunƙule sun rikiɗa. Abin da ya fi jan ra'ayina shi ne tana ba mu kishiyarta a sauƙaƙe, wato "tsagewar cibiya", abin da Turawa ke kira fission, aikin da ake yi da yuraniyom irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar.

Saura sunan samuwar sinadaran baki ɗaya. Ina ganin mu bar "halitta" ga Mai ita, mu ce "ƙirar sinadarai a taurari", sai dai ina son jin ta bakin waɗanda suka san maƙera, tunda maƙeri siffar ƙarfe yake sauyawa, ba asalinsa ba.