Shin ɗaga mota da sa mata sifirin mai laushi yana ƙara mata aminci a kan kwalta?

Alhaji Usmanu (Marwa): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana ta yaɗa wata magana cewa duk Land Cruiser ko Hilux da aka ɗaga aka sa mata sifirin mai laushi ta zama abin tsoro a kan hanya, kuma ni ban yarda ba. Duk wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga har Kusuri, a arewacin Kamaru, ya san abin da ke kashe mota shi ne rami. Sifirin mai laushi yana sa taya ta ci gaba da taka ƙasa a inda mai tauri zai sa mota tsalle, tsawon kuma yana bai wa direba damar hangen nesa. Saboda haka ina da'awar cewa irin wannan mota ta fi aminci ko a zirga-zirgar yau da kullum.

Malam Hamadu, makanike (Garwa): Wa alaikumus salam Alhaji. Maganarku a kan rami gaskiya ce, amma ita ce rabin labarin. Idan aka ɗaga mota, yawancin nauyinta ne ya yi sama, alhali tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu tana nan yadda take. A lokacin da direba ya murɗa sitiyari da sauri don kauce wa saniya ko ɗan babur, bodin zai kwanta gefe guda, sifirin mai laushi ba zai tare shi da wuri ba, idan kuma direban ya firgita ya maido da sitiyarin, nauyin zai dawo ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. A wannan dawowa ta biyu ce mota mai tsawo ta fi saurin kifewa. Abin da ya fi damuna shi ne masu kwance sandar ƙarfen nan da ke hana bodi karkata, wai don ƙafafu su sake a cikin kwazazzabo, sannan su hau kwalta ba su mayar da ita ba.

Sa'idu, injiniya (Ngaundare): Kawu Alhaji, ku ba ni dama in sa lissafi a maganar Malam Hamadu. Tun shekarar 2001 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta fara bai wa motoci maki kan haɗarin kifewa da wani awo mai sauƙi: a raba faɗin tsakanin tayoyi da ninki biyu na tsawon tsakiyar nauyin mota daga ƙasa. Mu ɗauki misali, mota mai faɗin mita 1.5 wadda tsakiyar nauyinta ke santimita 75 daga ƙasa, sakamakonta 1.0 ne. Idan tsakiyar nauyin ya hau da santimita 8 kacal, sakamakon zai sauka zuwa kusan 0.9, wato an rage kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da take iya jurewa a kwana kafin tayoyin gefe guda su bar ƙasa. Wannan lissafin bai ma sa laushin sifirin a ciki ba, kuma bai sa jarkokin mai da buhunan da muke ɗaurawa a kan rufi ba. Wanda ya taɓa sauko da mota cike da lodi daga gangaren Mbe zuwa Garwa ya san irin kwanonin da nake nufi.

Abakar, direba (Injamina): Injiniya, lissafinka na kwalta ne, mu kuwa a Cadi ba ko'ina kwalta ta kai ba. Wanda zai wuce Musoro ya nufi Faya cikin yashi ba zai ga laifin tsawo ba, haka ma mai shiga ƙauyukan gaɓar kogin Logon a watan Agusta da Satumba, lokacin da baƙar ƙasar karal ke riƙe mota har cikinta. Ina goyon bayan Alhaji a nan.

Malam Hamadu: Abakar ƙanena, akwai abin da masu ɗaga mota ba su cika lura da shi ba. A Land Cruiser irin jerin 70, wadda Toyota ke ƙerawa tun 1984, aksul ɗin gaba da na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu, duk sandararru ne, don haka tukunyar difaranshiyal, wato kumburin nan da ke jikin aksul mai raba ƙarfin inji ga tayoyi, tana zaune ne a kan tayoyi. Ko ka ɗaga sifirin da santimita 15, ita tana nan a inda take, kuma ita ce farkon abin da ke noman laka idan sawun manyan motoci ya yi zurfi. Taya mafi girma ce kaɗai ke ɗaga ta. Ita ma tayar tana da nata sharrin, domin idan ka tashi daga inci 31 zuwa 33, agogon gudu zai nuna maka 100 alhali kana kusan 106, birki kuma zai ƙara shan wahala wajen tsayar da taya mai nauyi da girma. A cikin yashi kuwa, ka fi ni sanin cewa rage iskar taya ke fitar da mota.

Hajiya Mairo (Garwa): Ni ba direba ba ce, amma ina da 'ya'ya masu hawa babur zuwa makaranta. Kuna ta maganar wanda ke cikin motar, ba ku taɓo wanda ke gabanta ba. Idan gaban mota ya yi tsawo, yaron da ya gifta dab da ita ba ya ganuwa, ƙarfen gaban kuma yakan sami mai babur a ƙirji maimakon ƙafa. Da dare fitilunsu suna shiga idon mai zuwa kai tsaye, domin ba kowa ke gyara saitinsu bayan ɗagawa ba. Hangen nesan da Alhaji ya ambata, na kusa ne yake biyan kuɗinsa.

Alhaji Usmanu: Hajiya, maganar fitila na karɓa, gyara ne na ɗan lokaci kuma wajibi ne. Amma Malam Hamadu, Toyota da kanta ta sauya sifirin gaban wannan mota zuwa mai naɗi a 1999 don ta ƙara laushi. Ashe kamfanin bai san haɗarin ba ne?

Sa'idu: Ya sani, Kawu, shi ya sa ya bar sifirin baya mai falle-falle da taurinsa domin lodi, ya auna shokafsoba daidai da sabon sifirin, sandar hana karkata kuma ta zauna a mazauninta. Abin da ake yi a wasu garejinmu daban ne: a zare falle ɗaya ko biyu, a sake lanƙwasa sauran, a bar tsohuwar shokafsoba da ta gajarta, a bar tiyon birki a miƙe kamar zai tsinke. Ɗagawar ma tana sauya kusurwar ƙafar gaba, sai sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a hanya idan gudu ya yi yawa. Ɗagawar santimita 5 da cikakkun kayanta ba ɗaya take da ta santimita 15 ba, amma ko ita ba ta kai motar da aka bari yadda ta fito natsuwa a kwana ba.

Abakar: A kan ta santimita 5 ba ni da ja, kuma na rufi kam ina sauke shi in ga kwalta. Sai dai in fasinja ya biya kuɗin kayansa, ina za ka sa su?

Alhaji Usmanu: Ni dai har yanzu ina ganin a hanyar Kusuri tawa ta fi ta kamfani. Tsakanin Marwa da Garwa ne zan yarda in rage ƙafa.

Malam Hamadu: To Alhaji, ku leƙa ƙarƙashinta ku gaya mana ko sandar tana nan, da kuma falle nawa suka rage a baya. Idan za ku shigo Garwa ranar Asabar, ku biyo da ita gareji da lodin da kuka saba ɗauka, mu auna tsawon kowace kusurwa da saitin ƙafar gaba a gabanku.