Neman kalma: me za mu kira "condenser" na injin Watt?

Mai Shirin Kimiyya: Salamu alaikum malamai. Jibi za mu ɗauki shiri kan injinan tururi na farko, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. A injin Thomas Newcomen na 1712, wanda ake kwashe ruwa da shi daga ramin kwal a Ingila, cikin silinda ake fesa ruwan sanyi, tururi ya koma ruwa, sai nauyin iskar waje ya danno fistin, wato toshiyar da ke hawa da sauka a cikin silindar, ƙasa. Kowane bugu sai silindar ta huce, a sake cin kwal a ɗumama ta. A 1765 James Watt ya ware wani mazubi daban inda tururin zai je ya huce, silinda ta zauna da zafinta. Wannan mazubin nake nema wa suna.

Oga Makaniki: Wa alaikumus salam. Kwandansa mana. Mu haka muke cewa a gareji.

Malama Mai Alli: Oga, kwandansan da ke cikin disfuto na tsohuwar mota, mai raba wa fulogi wuta, ai na wuta ne. Mai sauraro zai ɗauka Watt lantarki ya haɗa. Ni dai masanyayi, kamar mabuɗi da matsefi.

Ɗan Damagaram: Masanyaya dai Malama, tunda wuri ne da tururi ke shiga, kamar maƙera.

Baban Nahawu: Duk kun kauce. Firji ma masanyayi ne, randa ma haka. Aikin abin nan mayar da tururi ruwa ne, irin gumin da ke tsatsafowa a murfin tukunya. Hausa na da kalmarta: raɓa. Don haka MARAƁA. Na daɗe ina koyar da ita.

Oga Makaniki: Allah gafarta Malam, wayata ba ta da ɓ mai lanƙwasa. In na rubuta "Watt ya ƙera maraba" sai a ce sannu da zuwa 😂

Baban Nahawu: Laifin wayarka ne, ba na harshe ba. Kuma tun daga "inji" da "silinda" da "fistin" aka fara zubar mana da mutunci. Me ya sami na'ura?

Ɗan Damagaram: Baba, na'ura ai Larabci ce. Asalinta ƙaton gargaren ɗiban ruwa, irin na birnin Hama a Siriya.

Malama Mai Alli: To ashe ta fi dacewa da injin Newcomen, shi ma ɗiban ruwa ne aikinsa.

Baban Nahawu: Larabci ya zauna da mu shekaru aru-aru, ba za ku haɗa shi da aron jiya ba.

Oga Makaniki: Jiya? Tun 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano da tururinsa. Kakannin da suka zuba masa kwal "inji" suka ce, ba su jira kwamiti ba.

Mai Shirin Kimiyya: Don Allah a dawo kan hanya, situdiyo ba ya jira. Jimlar da zan karanta ke nan: Watt ya yi wa dabarar rajista a 1769, ya haɗa gwiwa da Matthew Boulton na Birmingham a 1775, kuma masu haƙar kuza a Cornwall, inda kwal ke da tsada, suna biyan su kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwal ɗin da injin ya rage musu. Duk ribar nan daga mazubin take, dole mai sauraro ya gane shi a jin farko.

Malama Mai Alli: To ka ce "mahuci". Gajere ne, kuma daga hucewa.

Ɗan Damagaram: A'a, sai a ji kamar mai huci don fushi. Ka ce "tukunyar huce tururi" a karon farko, ka bayyana, daga nan "masanyayin tururi".

Mai Shirin Kimiyya: Na ɗauki masanyayin tururi. Na gode.

Baban Nahawu: Kalma biyu inda ɗaya ta isa. Ku je da ita a rediyo, ni a ajina maraɓa ce. Kuma ba a gama maganar fistin ba.

Oga Makaniki: Fistin kam a bar mana abinmu, Malam.